Me ya sa aka gina PDP-8 da umarni takwas kacal?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji uku, ina karanta injiniyancin kwamfuta. A darasin tsarin ginin kwamfuta an ambata mana minikwamfutocin shekarun 1960, aka ce akwai wata mai suna PDP-8 da umarni takwas kawai take ganewa, kalmarta bit 12, ko umarnin ragewa ba ta da shi. Abin ya ɗaure mini kai. Shin ilimin waɗanda suka ƙera ta ne bai kai ba a lokacin, ko da gangan suka yi? Yaya aka yi daga nan aka kai ga irin su PDP-11? Kuma akwai amfanin in ba su lokacina yanzu?"

Wa alaikumus salam, ɗana. In na fahimce ka, kana son sanin ko ƙarancin da ka gani a PDP-8 gazawa ce ko zaɓi, sannan hanyar da aka bi daga ita zuwa injinan bit 16, sannan ko ɗalibin yau zai tsinci wani abu a ciki. A kan ta farkon zan fi daɗewa, domin a nan ne naman yake.

Da gangan suka yi. A 1964, shekara guda kafin PDP-8 ta fito, IBM ta riga ta sanar da System/360, Seymour Cray kuma ya riga ya fitar da CDC 6600 mai kalmar bit 60 (bit shi ne sifili ko ɗaya, kalma kuwa ita ce jerin bit da inji ke ɗauka a lokaci guda). Ka ga ke nan masana sun san yadda ake gina babbar kwamfuta mai umarni barkatai. Matsalar ita ce kuɗinta. Babbar kwamfuta ɗaki guda take ci, da na'urar sanyaya ɗaki da ma'aikatanta, yawanci ma haya ake ɗaukarta. Mai bincike zai huda katunansa ya miƙa ta taga, ya tafi, ya dawo bayan sa'o'i ko washegari ya karɓi takarda. Wanda yake so ya auna bugun jijiyar dabba a daidai lokacin da take bugawa, ko ya sa ido kan zafin tukunyar masana'anta, wannan tsari bai amfane shi da komai ba. Shi injin da zai zauna kusa da kayan aikinsa yake nema, na kansa, a kuɗin da shugaban sashe zai iya sa hannu a kai. Masu ƙera minikwamfuta sun fara ne daga wannan farashi, sannan suka duba abin da zai iya shiga cikinsa.

Tun 1962 Wesley Clark da Charles Molnar suka gina LINC a ɗakin binciken Lincoln na MIT domin masu binciken halittu, kalmarta bit 12. Kafin nan, a 1960, Cray ya yi CDC 160, ita ma bit 12. Kamfanin DEC, wanda Ken Olsen da Harlan Anderson suka kafa a 1957 cikin wata tsohuwar masaƙar ulu a garin Maynard na jihar Massachusetts da jarin dala 70,000, shi ya mayar da wannan tunani sana'a. Injinsu na farko, PDP-1, bit 18 ne, kuɗinsa dala 120,000. A 1963 suka yi PDP-5 mai bit 12 a kan dala 27,000, kuma tushenta buƙatar cibiyar nukiliya ta Chalk River ce a Kanada, inda ake son ƙaramin inji mai tattara awo. Gordon Bell na cikin waɗanda suka zana tsarinta, Edson de Castro ya yi aikin ginin. A watan Maris na 1965 PDP-8 ta fito da kusan tsarin umarni iri ɗaya, ta fi sauri nesa ba kusa ba, a kan kimanin dala 18,000. Daga ƙarshe dangin PDP-8 sun haura 50,000 da aka sayar.

Inda kuɗin yake

Kafin ka yi wa tsarin hukunci sai ka san abin da ke da tsada a 1965. Abu biyu ne: tiransista da ma'adana, wato inda injin ke ajiye umarni da lambobi. PDP-8 ta farko ba ta da aisi (IC, ɗan guntun da ke ƙunshe da tiransistoci da yawa) ko ɗaya a cikin kwakwalwarta. Tiransistoci ne da dayod a kan ƙananan alluna da ake sokawa a rami, a bayansu kuma dubban wayoyi a naɗe. Kowace rijista da ka ƙara, wato ɗan wurin riƙe lamba a cikin kwakwalwar, sai ka ƙara alluna, ka ƙara wayoyi, ka ƙara wutar da za ta ci da zafin da za ta fitar, ka ƙara wuraren da za ta iya lalacewa.

Ma'adanar kuwa ta zobban maganaɗisu ce. Kowane bit zobe ne guda, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dutsen ado, an zura masa siraran wayoyi ta tsakiya, kuma da hannu ake zurawar, yawanci mata ne ke wannan aiki a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Yi lissafin da kanka: kalma 4096, kowace bit 12, zobe 49,152 ke nan. Da a ce kalmar bit 16 ce, sai an ƙara zobe 16,384, a ƙara da'irorin karantawa da rubutawa, a faɗaɗa kowace rijista da na'urar tarawa. Kashi ɗaya cikin uku ya hau kan kusan komai. To me ya sa ba a sauka ƙasa da 12 ba? Domin bit 12 na ba ka matakai 4096, kuma wannan ya wadatar wa yawancin awon da ake ɗauko wa daga na'urorin gwaji. Haruffan lokacin bit 6 ne, biyu na shiga kalma ɗaya cif. Sannan bit 12 na iya nuna kowane gurbi a cikin kalma 4096. Daidai ruwa daidai tsaki.

Zobban nan suna da hali biyu da suka shiga har cikin tsarin umarni. Na farko, ba sa mantuwa in an ɗauke wuta. Ka kashe injin yau, gobe ka kunna ka tarar da shirinka, wato jerin umarnin da ka shigar, yadda ka bar shi. Na biyu, karanta zobe na goge shi, don haka duk karatu dole a bi shi da sake rubutawa. A PDP-8 wannan zagaye na karantawa da mayarwa na ɗaukar mikrosakan 1.5. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda aka raba bit 12

Umarni ma a cikin kalma ɗaya yake zama, kuma a nan ne takwas ɗinka ta fito. An ware bit 3 don faɗin irin aikin, bit 3 kuwa abu takwas kawai suke iya bambantawa. Saura bit 9. Amma adireshin kalma 4096 bit 12 yake so. Ka ga rigar ta yi wa mai ita kaɗan.

Ga yadda suka ɗinke ta. Aka yanka ma'adanar shafi-shafi, kowane shafi kalma 128, shafi 32 ke nan. Bit 7 na nuna gurbi a cikin shafi. Bit ɗaya na faɗin wane shafi ake nufi, kuma zaɓi biyu ne kawai: ko shafin da umarnin kansa yake ciki, ko shafi na sifili, wanda kowa ke iya kaiwa gare shi daga ko'ina. Bit na ƙarshe na cewa: abin da ke gurbin nan ba shi ne kayan ba, adireshin kayan ne, je can ka ɗauko. Da wannan bit ake isa ko'ina a ma'adana, sai dai an biya da ƙarin zagaye ɗaya da kuma kalma guda da za ta riƙe adireshin. Shafi na sifili ya zama kamar tsakar gida, duk abin da ɗakuna ke tarayya a kai nan ake ajiye shi, shi ya sa kowane gurbi a cikinsa ke da daraja. A cikinsa ma akwai gurabe takwas na musamman, daga 10 zuwa 17 a ƙidayar takwas-takwas (mai amfani da 0 zuwa 7 kawai, inda 10 ke nufin takwas), waɗanda duk lokacin da ka bi ta cikinsu zuwa wani adireshi sai su ƙara ɗaya da kansu. Da su ake bin jerin lambobi ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an gina rijistar nuni ko guda ba.

Shida daga cikin umarnin takwas suna taɓa ma'adana. AND na haɗa bit da bit. TAD na tara abin da ke gurbi a kan akumuleta, wato rijista ɗaya tilo da ake lissafi a cikinta, mai bit 12 da wani bit guda a gefe da ake kira Link mai karɓar abin da ya malalo. DCA na zuba abin da ke akumuleta a gurbi ya bar ta fanko. ISZ na ƙara ɗaya a gurbi, in ya koma sifili ya tsallake umarni na gaba. JMP tsalle ne, JMS kiran ƙaramin shiri. Na bakwai, IOT, shi ke magana da na'urorin waje. Na takwas, OPR, shi ne inda aka ɓoye dukiya, domin ba ya buƙatar adireshi, sai aka mayar da bit 9 ɗinsa makunnai: wannan ya share akumuleta, wancan ya juya kowane bit, wani ya ƙara ɗaya, wani ya murza ta hagu ko dama, wasu su tsallake in lambar sifili ce ko ta yi ƙasa da sifili. Kana iya kunna da yawa a umarni ɗaya. Saboda haka maganar "umarni takwas" gaskiya ce, amma a aikace mai rubuta shiri yana da fiye da haka sosai.

Yanzu ragewar da ka ce babu. Ka ɗauko lambar da za ka cire, ka juya kowane bit nata ka ƙara ɗaya, ta zama kishiyarta. Duka biyun umarnin OPR ɗaya ne, 7041. Sai ka tara ɗayar a kai da TAD. Umarnin ɗauko lamba ma babu shi: in akumuleta fanko ce, tarawa ita ce ɗaukowa. Shi ya sa DCA ke share ta bayan ta zuba, don ta bar maka ita a shirye. Dubi wannan ɗan shiri, da ƙidayar takwas-takwas kamar yadda ake rubuta su: a gurbi na 200 ka sa 7300, share akumuleta da Link, a 201 ka sa 1205, tara abin da ke 205, a 202 ka sa 1206, tara abin da ke 206, a 203 ka sa 3207, zuba a 207, a 204 ka sa 7402, tsaya. Kalma biyar, ka tara lamba biyu ka ajiye amsa. In ka warware 1205 zuwa bit za ka ga 001 na TAD, sai 0 na cewa kai tsaye, sai 1 na cewa wannan shafin, sai 0000101 na gurbi na biyar. Babu abin da ya ɓuya.

ISZ kuwa ita ce ta fi burge ni a duk tsarin. Ka tuna karanta zobe na goge shi, dole a mayar. To tunda lambar za ta fito ta koma, me zai hana a ƙara mata ɗaya a hanya? Aibin ma'adanar ya zama umarni. In kana son maimaita abu sau goma, ka ajiye kishiyar goma a gurbi, kowane zagaye ISZ ta ƙara ɗaya, JMP da ke bayanta ta mayar da kai sama. Ran da ta kai sifili sai ta tsallake JMP ɗin ka fita. Akumuleta ba ta ma san ana yi ba.

Wanda ya biya kuɗin arahar

Ba zan ɓoye maka ba, duk abin da aka cire daga ƙarfe a kan mai rubuta shiri ya faɗa. Na ga wannan da idona a aji. Ina sa ɗalibaina su fassara shiri zuwa lambobi da hannu kafin su taɓa manhajar fassara, su shigar da shi a SIMH, manhajar da Bob Supnik ya fara wadda ke kwaikwayon tsofaffin injina. Wani yaro mai ƙwazo ya rubuta shiri yana aiki lafiya, ya ƙara layi kaɗan a sama, sai amsa ta fara fitowa sifili. Ya kwana biyu yana bin lissafinsa, lissafin kuma ba shi da aibu. Da muka zauna tare na ce ya karanta mini adireshin kowane umarni da baki. Yana zuwa "377, 400" sai ya yi shiru. Ƙarin da ya yi ya turo umarninsa na ƙarshe ya haye sabon shafi. Lambar 1375 da ke nufin "tara abin da ke 375" lokacin tana shafin 200, yanzu da ta koma shafin 400 tana nufin 575, gurbin da babu komai a ciki. Ya dafe kai ya ce, "Malam, ashe shafi katanga ne." Masu shirye-shiryen wancan zamani da wannan katanga suka rayu kullum, suna matse ƙananan shirye-shirye su shiga kalma 128, suna ƙirga gurbi kamar mai ƙirga canji.

Kiran ƙaramin shiri ma haka. PDP-8 ba ta da sitak, wato jeren ajiya da ake ɗora abu a sama a cire daga sama. JMS na rubuta adireshin komawa a kalmar farko ta shirin da aka kira, ta fara aiki daga ta biyu. In an gama sai a yi JMP ta cikin kalmar farkon a koma. Ba a kashe ko rijista ɗaya ba. Amma shirin ba zai iya kiran kansa ba, don kira na biyu zai taka adireshin na farko. Kuma ba zai zauna a ma'adanar da ba a rubutu a cikinta ba. Wannan ya zama matsala daga baya, lokacin da aka mayar da PDP-8 aisi guda, Intersil 6100, a 1975.

Da kalma 4096 suka yi kaɗan, sai aka ƙara wasu ƙananan rijistoci masu bit 3 da ke zaɓar fili, ɗaya na umarni ɗaya na bayanai, aka kai kalma 32,768. Ya yi aiki, amma katanga ce a kan katanga. Ninkawa da rabawa kuwa sai ka sayi ƙarin kayan lissafi daban, ko ka rubuta su da tarawa da murzawa. Har cikin ƙarfen ma an yi irin wannan ciniki: PDP-8/S ta 1966 tana tara bit ɗaya-ɗaya ne a jere maimakon 12 a tare, ta sauko ƙasa da dala 10,000, ta kuma fi ta farko jinkiri fiye da sau goma. Akwai masu sayen da wannan ya ishe su, suka saya.

Hanyar waje da gaban injin

Abin da ya sayar da minikwamfuta shi ne sauƙin jona mata kaya. A umarnin IOT, bit 6 na kiran na'ura da lambarta, har 64, bit 3 na aika mata sigina. Injin bai san ko madannai ba ce ko bawul ɗin tururi. Karanta harafi daga teletayif, na'urar buga rubutu mai madannai, umarni uku ne: 6031 na tambaya ko an danna wani abu, in an danna ya tsallake; na biyu tsalle ne baya a sake tambaya; 6036 ya ɗauko harafin. In kuma na'ura ce ta katse aiki, injin na ajiye adireshin da yake a gurbi na sifili ya fara daga gurbi na ɗaya, shi ke nan. Adana akumuleta da gano wanda ya ƙwanƙwasa duk aikinka ne. DEC ta wallafa bayanin wannan hanya a ƙananan littattafai tana rabawa, tana kuma sayar da allunan da za ka gina mahaɗinka. Kamfanoni suka riƙa sayen injin da yawa suna sakawa cikin nasu kayan, na tsara shafukan jarida, na awon ɗakin gwaji, na kula da masana'anta, su sayar da sunansu.

Ni dai ban riski waɗannan injina suna sababbi ba. Abin da nake da shi kwafin gaban PDP-8 ne, mai makunnai da fitilu, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi na aiki a bayansa. Ko da hakan, sai da na shigar da shirin loda na farko da yatsuna na san abin da ake faɗa. Injin da ma'adanarsa ta ruɗe bai san komai ba, ko karanta tef ɗin takarda bai iya ba. Sai ka jera makunnai 12 su nuna 7756, ka danna na ɗora adireshi, sannan ka jera 6032, ka ɗaga na zubawa, ka jera 6031, ka ɗaga, haka har kalma goma sha wani abu, idonka na kan fitilu. Makunnai uku na ɗaukar lamba ɗaya, nan za ka gane dalilin da ya sa suke ƙidaya takwas-takwas. Wannan ɗan shirin ne zai karanto wanda ya fi shi daga tef, shi kuma ya karanto aikinka, a teletayif ASR-33 mai harafi goma a sakan. Abin da kwafi ba zai koya maka ba shi ne halin ƙarfen kansa, zafi da tsufan tiransista da wayar da ta saki. Wannan sai wanda ya yi gyaransu.

Daga 12 zuwa 16

Abu biyu suka sauya lissafin. Aisi suka yi araha, don haka rijista ta daina zama abin tsoro. Sannan System/360 ta kafa bayit mai bit 8, haruffan ASCII kuma ba sa shiga bit 6, sai 12 ta zama lamba maras daɗin rabo. Injinan bit 16 sun riga sun fara fitowa: DDP-116 a 1965, HP 2116A a 1966, da Honeywell DDP-516 wadda aka yi mahaɗan farko na ARPANET, kakar intanet, da ita a 1969. De Castro da kansa ya bar DEC a 1968 bayan an ajiye wani tsari da suka yi aiki a kai, ya kafa Data General, suka fitar da Nova a 1969: bit 16, akumuleta huɗu, an tattara ta a manyan alluna masu inci 15 don a rage wayoyin baya. Amma duba, tsohon halin na nan: Nova ta farko bit huɗu-huɗu take lissafi, sau huɗu kafin ta gama kalma.

Amsar DEC ita ce PDP-11 a 1970, kuma a ganina nan ne minikwamfuta ta balaga. Rijista takwas, R0 zuwa R7. Kowane bayit na da adireshinsa, babu shafi. Hanyoyi takwas na nuna inda kaya suke, kuma kusan kowane umarni na karɓar kowace hanya da kowace rijista, a ɓangaren ɗauka da na ajiyewa. Hikimar da ta fi ita ce sun sa manunin sitak ya zama R6, maƙirgin shiri, mai nuna umarni na gaba, ya zama R7, cikin rijistocin gama-gari. Akwai hanyar da ke cewa "ɗauko abin da rijista ke nunawa, sannan ka matsar da ita gaba". Yi wannan da R6, ka cire abu daga sitak. Yi shi da R7, ka ɗauko lambar da ke biye da umarnin a cikin shirin kansa, ka tsallake ta. Dabara ɗaya ta yi aiki uku. Har yanzu tsimi ne, amma ya daina zama nauyi a kan mai rubutu.

Umarni na musamman na magana da na'urori, irin IOT na PDP-8, ma ya ɓace. Ma'adana da duk na'urori suka hau layin wayoyi ɗaya mai suna Unibus, aka ba rijistocin na'urori adireshi a saman filin ma'adana. Ka tura bayit zuwa 177566, harafi ya fito a teletayif ko allon mai aiki. Umarnin MOV da ke kwashe lamba daga gurbi zuwa gurbi shi ne ke magana da faifai. A kan wannan inji manhajar tafiyar da kwamfuta ta Unix, wadda Ken Thompson ya fara a PDP-7 a 1969, ta girma, a kansa Dennis Ritchie ya gina harshen C. Za ka ji ana cewa alamar ++ ta C daga PDP-11 aka ɗauko ta. Ritchie da kansa ya ce ba haka ba ne, tana cikin harshen B tun kafin injin ya fito.

Sai dai ciwon PDP-8 ya biyo ta. Bit 16 na nuna bayit 65,536 ne kawai, an kuma yanke kilobayit 8 na sama an ba na'urori, saura 56. Cikin 'yan shekaru ma'adana ta yi arahar da masu saye ke son fiye da haka. Aka ƙara na'urar juya adireshi, PDP-11/45 ta kai bit 18, PDP-11/70 ta 1975 ta kai bit 22, wato megabayit 4, amma kowane shiri na leƙen wannan fili ne ta ƙaramar taga. A 1976 Gordon Bell da William Strecker suka rubuta cewa kuskure ɗaya da ke da wuyar gyarawa a tsarin kwamfuta shi ne rashin isassun bit na adireshi, kuma PDP-11 ta faɗa cikinsa. Ƙarancin umarni ana cike shi da manhaja, jinkiri ana maganinsa da sabon ƙarfe, amma faɗin adireshi ya shiga cikin kowane shiri da aka taɓa rubutawa. Dole ta sa suka gina VAX mai bit 32 a 1977.

Ko ka ba su lokacinka

Ka ba su, amma da hannu, ba da hadda ba. Dalilina shi ne PDP-8 ce kwamfuta ta gaske da aka sayar aka yi aiki da ita wadda ɗalibi zai iya riƙe ta gaba ɗaya a kansa cikin mako guda. Na'urar da ke cikin wayarka ba wanda ya riƙe ta duka.

Kuma matsin da ya haife ta bai mutu ba, ya koma cikin ƙananan aisin da kuke aikin kammala karatu da su. Ɗauki PIC16F877A: rijistar aiki ɗaya mai suna W, umarni 35, ma'adanar bayanai an yanka ta banki huɗu saboda bit 7 ne kawai na adireshi a cikin umarni, yanke hukunci kuma ta hanyar tsallake umarni na gaba. INCFSZ ɗinta ƙanwar ISZ ce a aiki. Duk ɗalibin da ya taɓa mantawa bai sauya banki ba kafin ya rubuta a TRISB, rijistar da ke saita ƙafafun aisin, ya zauna yana kallon fitilar da ta ƙi kamawa, ya ɗanɗani abin da yaron nan ya ɗanɗana a gurbi na 400. Ba ina cewa daga PDP-8 aka kwafo ta ba. Matsi iri ɗaya ne ya kai su ga magani iri ɗaya. In kuma ka koma kan ARM kana kunna ƙafar aisi ta hanyar rubuta lamba a wani adireshi, hanyar da PDP-11 ta yaɗa kake bi.

Ga abin da zan ba ka. Sauke SIMH, kyauta ce, kowace tsohuwar laftof na ɗaukarta. Shigar da kalma biyar ɗin nan na sama, ka sa lambobi a 205 da 206, ka taka shirin umarni ɗaya-ɗaya kana duba akumuleta. Daga nan ka rubuta ninka lamba biyu da TAD da ISZ kawai, a takarda, ka fassara da hannu. In ya yi aiki, ka mayar da shi ƙaramin shiri da ake kira da JMS, ka leƙa kalmarsa ta farko kafin kira da bayan kira. Sannan ka sake rubuta shi a PDP-11, ka ƙirga kalmomin da kowanne ya ci da lokacin da kowanne ya ɗauke ka. Ka aiko mini da lambobin biyu, tare da takardar da ka yi fassarar a kai, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.